Ganyen da Tekna Ta Ƙi Dafawa

Garin Tawa, ranar Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ki, ina roƙon Ubangiji ya kai ku Arlit lafiya ke da maigidanki, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da na ƙaya da na mutum. Takardar nan cikin kwanon sikarinki zan sa ta, don na san shi za ki fara buɗewa. Hannuna ne, ba na babanki ba, sai ki yi haƙuri da karkatattun baƙaƙe. Ba zan cika ki da labarin gida ba, tunda daga cikinsa kika fito.

Kin ce in kun zauna za ki kama sana'ata, ki riƙa sayar da shayi mai sanyi, kuma Alhaji Bawa, abokin surukinki, zai riƙa aiko miki da ganye daga Konni. Ban ce komai ba a gaban maigidanki. Amma ranar da Alhajin ya kawo mana samfurin ganyen, na dafa na sanyaya na ba kowa. Ya yaba launi, ya yaba ƙamshi, ya riƙe kofin har ya huce a hannunsa, da ya tashi tafiya na tarar da shi cike a ƙarƙashin kujera. Wataƙila ciwon sikari gare shi. Wataƙila ba ya son sanyi. Na wanke ganyen na duba, ban ga aibu ba. Duk da haka mutumin da bai sha abin da yake sayarwa ba, idona na kansa. Ba na ce ki ƙi kayansa ba. Zan dai gaya miki inda ni na yi tuntuɓe, ki san inda za ki ɗaga ƙafa.

Kin tuna shekarun da albashin babanki ya daina zuwa. Mushe ne, wato malamin boko, mai koyar da ɗiyan mutane, amma wata ya bi wata babu abin sawa a tukunya, yau yajin aiki, gobe alkawari. Abin da ya rage mana mai daraja firigon nan ne. Matan unguwa kowa na ƙulla zoɓo da ruwan citta, na ce ni bari in yi abin da babu mai yi. Na ɗauki koren shayi na tafasa shi kamar yadda babanki ke yi da abokansa a zaure, har ya yi kauri, na zuba sikari, na ɗanɗana da zafinsa alhali da goro a bakina, na ji daidai. Na ƙulla a leda na tura firigo. Da ya yi sanyi ya fito gurɓace kamar ruwan tabki, ɗaci kamar maɗaci. Wanda ya saya sau ɗaya bai dawo ba.

Tekna ce ta cece ni, Buzuwar nan maƙwabciyarmu, uwar Amina ƙawarki. Tun fari ya cinye musu dabbobi suka baro arewacin Afala suka zauna bayan gidanmu, mijinta na gadin wani shago. Ta shigo aron turmi ta tarar ina zubar da ledoji a kwata. Ta ɗauki guda ta tsotsa, ta ɓata fuska.

Ta ce, "Maman Uwani, shayin zafi kika dafa kika sa shi kurkuku. Na sanyi daban ake bi da shi."

Na ce, "Ke kin taɓa shan shayi da ƙanƙara ne a dajinku?"

Ta ce, "Ban taɓa ba. Amma na sha wanda ya kwana a buta, na san abin da sanyi ke yi masa."

Daga ranar muka haɗa hannu. Ita ta nuna mini a sauke ruwa daga wuta da zarar ya fara kuka, kafin ya yi tsalle, a ɗauraye ganyen a zubar da ruwan farko, a jiƙa shi kaɗan a tace da tsabtataccen ƙyalle. Na'a-na'a ba a dafa ta, bayan an sauke ake jefa ta a rufe. Sikari da sauran ɗumi ake narkar da shi. Sannan a bar shi ya huce a inuwa kafin ya ga firigo, in ba haka ba ya gurɓace. Lemun tsami da citta da kanumfari kuwa ni na ƙaro su daga baya, muna gwadawa muna zubarwa. To ki riƙe wannan: abin da za a sha da sanyi, da sanyi ake ɗanɗana shi. Sanyi na ɓoye zaƙi, yana tono ɗaci. Ki kurkure baki tukuna, kada ki ɗanɗana bayan goro ko yaji, kuma ki fara kurɓa kafin ki sa sikari, don sikari maƙaryaci ne, yana rufa wa mugun ganye asiri. In kin haɗiye ki ɗan jira. Abin da ya rage a maƙogwaro shi ne gaskiyar ganyen.

Kuskurena na biyu na tsoro ne. A lokacin akwai wasu baƙi daga can ƙasashen gabas masu haƙa rijiyoyi a ƙauyuka. Wani tsohon ɗalibin babanki da ke tuƙa musu mota ya kawo mana gwangwani guda, ya ce shayinsu ne suka ba shi, shi kuma bai iya shi ba. Babanki ya karanta jikin gwangwanin ya ce sunansa ulon. Na buɗe na ga wasu ƴan dunƙule-dunƙule kamar kashin awaki, su ba kore ba su ba baƙi ba. Nan take zuciyata ta ce magani ne. A shekarun ana ta raɗe-raɗin baƙi na sa abin hana haihuwa a cikin kayan da suke rabawa, ni kuma na ɗauka. Na juye fiye da rabi a bola. Tekna ta riske ni ina kakkaɓe sauran, ta karɓe, ta shinshina, ta tauna ƙwaya ɗaya, ta zuba kaɗan a kofin gilashi da ruwan zafi. Muna zaune muna kallo dunƙulen suka warware, suka zama cikakken ganye mai faɗi, har da karansa. Ta ce, "Kin ga, wannan bai ɓoye komai ba. Wanda aka niƙe ya zama gari shi ne abin tsoro." Muka sanyaya shi ba na'a-na'a ba komai sai ɗan sikari. Uwani, ban taɓa shan abu mai taushi irinsa ba. Ƙamshinsa kamar na fure da ɗan ƙauri-ƙaurin gasasshen hatsi, ganyen kuma muka sake jiƙa shi ya sake bayarwa. Ɗan abin da ya rage bai kai mu ko'ina ba, ban kuma sake ganin irinsa ba har yau. Saboda haka in kin yi zargin abu, kada ki zubar, kada kuma ki haɗiye. Ki sa shi a ruwa ki zauna ki gani.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Kina Konni wurin goggonki a shekarar, lokacin da lakkol ɗinku, makarantar boko, ta rufe. Da kika dawo kika tambayi Amina, na ce miki sun koma wurin danginsu. Gaskiya ne sun koma, amma ban gaya miki abin da ya kore su ba.

Shekarar da darajar kuɗinmu ta faɗi, komai ya yi tashin gwauron zabo. Ganyen da muke amfani da shi wani ɗan'uwan Tekna ne ke kawo mana daga arewa, ga shi ya yi tsada, ga hanya ta lalace saboda tawaye, wani lokaci sai mu yi kwanaki babu kaya. Sai wani mai shago kusa da tasha ya kira ni ya nuna mini kwali guda na koren shayi mai ƙamshin fure. Ya ce sabon yayi ne, da ƙamshinsa yake zuwa, ba sai na wahala da na'a-na'a ba. Ya buɗe saman, ƙamshi ya cika shagon. Ga araha. Ban tona ƙasan kwalin ba, ban nemi ya ba ni kaɗan in gwada ba, na sa aka ɗauko mini shi gida ina murna.

Tekna ta ɗebi ɗan kaɗan a tafin hannu ta kai hanci ta shinshina.

Ta ce, "Turare aka fesa masa."

Na ce, "Haka ake yin sa."

Ta ce, "Akwai mai fure na gaskiya, na taɓa gani, za ki tarar da busassun furanni a ciki. Wannan babu. Ganyen ya sha ruwa aka shanya. Ki wanke shi ki sake shinshinawa."

Na dube ta, sai wani tunani ya faɗo mini: ɗan'uwanta take karewa, tana tsoron in daina sayen nasa. Da tunanin ya shiga, duk abin da ta faɗa sai na ji shi a karkace. Na ce ba zan wanke ba, wankewa za ta tafi da ƙamshin da na saya. Ta ce to ita hannunta ba zai dafa shi ba, amma za ta taya ni ƙulla leda don kada aiki ya yi mini yawa. Na ce ta yi yadda ta ga dama.

Ki lura da wannan, ɗiyata. Na zargi wadda muka shekara muna ci a kwano ɗaya, na yarda da mutumin da ban san ko sunan ubansa ba. Shi ya yi mini dariya ya kira ni Hajiya, ita ta gaya mini abin da ba na son ji. In mai ba ki shawara yana da riba a cikinta, ki lura, ba laifi. Amma ki gwada maganar tukuna. Mai riba ma yana iya faɗar gaskiya, kuma wanke ɗan ganye a kofi ba ya cin komai.

A makon ne aka yi babban taron wata jam'iyya a filin unguwa. Kin san yadda siyasa ta zo mana sabuwa a lokacin, kowa da tutarsa, ƴan'uwa ba sa gaisawa. Shugabar matansu, Hajiya Kulu, ta sa in yi musu shayi mai yawa. Na dafa sabon ganyen tun jajibiri, na ɗanɗana bayan na cika shi da sikari da lemun tsami, na ji ɗan wari-wari a can ƙasa, na ce hancina ne. Aka kuma ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun hantsi har la'asar, ledojin suka saki, suka yi ɗumi, da wuta ta dawo suka sake kamawa. Na sani, na yi shiru, na kai kaya.

Kashegari mutane da dama suka kwana suna zarya bayan gida. Wata tsohuwa sai da aka kai ta likita aka ƙara mata ruwa. Allah ya rufa asiri babu wanda ya rasu. Amma kafin azahar magana ta gama gari cewa guba aka sa. Wasu suka ce ƴan ɗaya jam'iyyar ne. Wasu suka ce ai akwai Buzuwa a gidan da aka dafa. A kwanakin an tare motoci a hanyar arewa, mutane na cike da haushi, duk mai rawani ko mai baƙin lulluɓi kallon ɗan tawaye ake yi masa.

Hajiya Kulu ta zo da mata uku suka tsaya a tsakar gidanmu, ko tabarma ba su karɓa ba. Babanki ba ya nan.

Ta ce, "Maman Uwani, mun san ki, mun san mijinki. Tambaya ɗaya muka zo yi. Wa da wa suka taɓa shayin nan?"

Na ce, "Ni na dafa."

Ta ce, "Ke kaɗai?"

Na ce, "Tekna ce ta ƙulla."

Ban yi ƙarya ba. Amma na ga yadda suka dubi juna, na san abin da suka ji, ban kuwa ƙara ko kalma ba. Ban ce ta hana ni ganyen ba. Ban ce an ɗauke kuran ba. Tsoro nake kada a ce matar Mushe ta kashe mutane. Abin da ya fi muni, da suka fita na zauna ina tambayar kaina ko dai da gaske ne. Na ce ai ta ji haushin na bar ganyen ɗan'uwanta, ai ita ta taɓa kowace leda. Har na tashi na kulle ɗakin firigo, abin da ban taɓa yi ba.

Da yamma samari suka yi ta jifar gidan su Tekna da duwatsu. Mai shagon da mijinta ke gadi ya sallame shi. Tekna ta leƙo ta katanga ta kira ni, ina ɗaki ina jin ta, na ƙi amsawa. Ba su yi mako ba suka ɗaure kaya a amalanke suka bar Tawa. Amina, wadda ta fi ki ƙoƙari a lissafi, ba ta sake shiga aji ba.

Bayan sun tafi na ce bari in kawar da sauran ganyen. Na kife kwalin a tabarma. Saman ne kawai a warware. Daga tsakiya zuwa ƙasa ya dunƙule kamar tubali, fari fat da hunhuna, takardar ƙasan da shatin ruwa. Na ɗebi na saman na wanke yadda ta ce, turaren ya tafi, abin da ya rage warin tsohon rumbu. Har yau ban san ko ganyen ne ya yi ɓarnar ba, ko ɗumin da ledojin suka yi, ko su biyun. Na dai san duka biyun daga hannuna suka fito.

Na ɗauki dunƙulen na kai wa mai shagon da ya sayar mini. Ya ce shi ma haka ya saya, ido ba mudu ba ne amma ai da idona na gani na ɗauka. Na kai wa Hajiya Kulu. Ta juya shi da ɗan yatsa ta ce, "To, Allah ya kyauta. Tunda sun tafi, a bar kaza cikin gashinta." Na bi gida-gida a unguwa ina faɗa, wasu suka saurara, wasu suka ce kirkina ne ya yi yawa nake rufa mata asiri. Ƙarya ta riga ta yi fure, gaskiyata ta zo bayan an tashi daga kasuwa. Babanki bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Da kin faɗi haka ranar da suka tsaya a tsakar gida." Wannan ta fi mini duka ciwo.

Don haka kowane kwali ya zo miki, daga hannun kowa ya fito, ki kife shi ki ga ƙasansa tun mai kawowa yana tsaye. Ganye mai ƙamshin da ya wuce kima ki tuhume shi. Ƙamshinki ki sa shi da hannunki, da na'a-na'ar da kika ga an tsinko. Ƙanƙara kada ki saya a waje, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. In kuran ya tafi har kaya suka saki, ki zubar, ko da abincin ranar ke nan. In kuma wani abu ya faru aka zo ana tambayar ki, ki faɗi magana duka a zaman farko, har da ɓangaren da zai ƙone ki. Rabin gaskiya da na faɗa ya yi aikin da ƙarya ba za ta iya ba.

Can inda za ki, yawancin maƙwabtanki mutanen su Tekna ne. Za ki tarar da ƴan'uwanmu na kudu da za su ja ki gefe su ce ki yi hankali da su. Ki yi hankali da kowa, har da mai jan ki gefen. Ki tambaye shi me aka yi masa shi da kansa. Sau da yawa za ki ji ya ce ji ya yi.

Bara, da hanya ta lafa, na samu labarin inda suke, wani zango gaba da Afala. Na shiga motar kasuwa na je, ban gaya wa kowa ba sai babanki. Na riƙa mata ganye mai kyau da sikari. Na tarar da ita ta rame, tana saƙar tabarma a inuwar bukka. Mijinta ya rasu. Amina ta yi aure, tana da goyo. Ta shimfiɗa mini buzu, ta tambayi babanki, ta tambaye ki. Ta karɓi tsarabata ta ajiye gefe, ta ɗauko nata ganyen ta dafa. Sai da muka sha shayi na fari da na biyu sannan na iya buɗe baki. Na gaya mata komai, har kulle ɗakin firigo.

Ta ce, "Na ji ƙarar kwaɗon. Katangarmu ba ta da kauri."

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Duwatsun ban riƙe su ba, yara ne. Kiran da na yi miki ta katanga, shi ne ya ƙi fita daga raina. Ina roƙon Allah ya fitar da shi. Sha shayinki kada ya huce."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni kuma ban ga ina da bakin matsa mata ba. Da zan tafi ta rako ni har bakin hanya. A nan ta gaya mini babban ɗanta Musa, wanda ya tsaya a ƙofa ranar jifa har aka fasa masa goshi, yana Arlit yana aikin gyaran motoci kusa da tasha, da matarsa da ɗiyansa. A lokacin ban san ke ma can za ki ba.

Ga abin da nake roƙon ki. In kun huta, ki nemi izinin maigidanki ku je tare ku gaishe su. Ki faɗi ko ke ɗiyar wace ce tun a bakin ƙofa, kada ki bari sai sun gano da kansu. Ban san yadda zai karɓe ki ba. In ya juya miki baya, ki yi sallama ki fito, kada ki ce masa komai, yana da hujja. In kuwa suka shimfiɗa muku tabarma suka ɗora buta, ki zauna har na uku. Duk abin da na koya miki na shinshinawa da jira ki bar shi a waje. Ki karɓa da hannu biyu ki sha.

Allah ya sa ki shiga garin da ƙafar dama. Ya haɗa ki da maƙwabtan da suka fi ni, ya sa ki fi ni riƙe su. Ya tsare hannunki daga cutar da kowa, ya tsare ki daga hannun kowa. Babanki na sa miki albarka, ni ma na sa.

Mahaifiyarki.